Bangon da ke Bayan Kujerar Windarti

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:40 na yamma

An kashe Tsohuwa yau da ƙarfe goma da rabi. Haka muke kiran injin da ke harba nutiron, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, a kan irin shinkafa, don ta girmi rabin ma'aikatan cibiyar nan. Shekara ashirin da shida ina kunna ta ina kashe ta, ban taɓa ganin an kashe ta da tiren iri a ciki ba sai yau.

Takarda ce ta zo daga Jakarta, daga wajen masu duba mana bajo. Duk wanda ke aiki a ginin nan yana maƙala bajo a ƙirji, bayan wata uku a aika a ga yawan nutiron ɗin da jikinsa ya sha. Nawa lafiya lau. Na abokin aikina Pak Sumbogo lafiya lau. Mu biyun da muke wuni tare da injin. Sunan da aka ja wa layi da jan biro na Windarti ne.

Windarti ba ta taɓa shiga ɗakin injin ba. A ɗakin da ke jikinsa take zama, tana tsince iri tana zubawa a ambulan. 'Yar ƙanwata ce. Win muke ce mata. Ni na kawo takardunta aka ɗauke ta.

Shugabanmu Pak Hardoyo ya kira mu ofis, ni da Sumbogo, ya rufe ƙofa da kansa. A wurin aiki Pak muke ce wa maza don girmamawa, mata kuma Bu.

"Bu Harmi, bajo yakan yi ƙarya, ko ba haka ba?"

"Yakan yi, Pak."

"To, wannan ya yi ƙarya."

Sumbogo ya ce, "Pak, in mu ke zaɓa masa ranar da zai yi ƙarya, ni ma a ba ni nawa in zaɓa." Ba wanda ya yi dariya.

An yanke a ce wa Win za a yi wa ɗakinta fenti, ta koma rumfar rainon shuka. Ni aka tura. Bude take ce mini, wato yayar uwa, ni kuma in ce mata Nduk, wato 'yata. Ta ce, "Kore nake so, Bude. Na gaji da wannan ruwan tokar."

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 6:15 na safe

Shayi kawai. Shi ma ya huce a hannuna.

Talata, ƙarfe 1:30 na rana

Mun cire allon katakon da ya rufe bangon gabas. A bayansa ake jera tubalan kaki, irin wanda ake kyandir da shi, daga ƙasa har sama, kaurin jerin ya kai tsawon hannu. Nutiron yakan fito daga injin a guje, ya yi ta cin karo a cikin kakin har gudunsa ya mutu. Bangon bulon da ke bayan kakin ba ya tare komai. Nutiron mai gudu yana ratsa shi yadda hayaƙi ke ratsa gidan sauro.

Babu tubali goma sha biyu. Rami mai kusurwa huɗu, daidai tsayin mutumin da ke zaune a kujera.

Pak Hardoyo ya daɗe yana kallonsa, hannunsa a kan ƙeya.

"Wa ya cire?"

Fanka tana ta juyawa. Sumbogo yana kallon takalminsa.

"An duba littafin aiki?"

"Babu komai a rubuce, Pak." Ni na amsa. Gaskiya ne kuma. Babu komai a rubuce.

Na ɗauko tef na auna. Daga bakin injin zuwa kujerar Win, mita huɗu da santimita goma.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 5:05 na yamma

Win ta zo da rana da ƙunshin shinkafa da tempe, wainar waken suya, ta ajiye a kan teburina. Ita kuma ɗanyen mangwaro take ci da barkono da gishiri, tana yatsine fuska tana ƙarawa.

"Bude, kin rame cikin kwana biyu. Ko Pak Sumbogo ya ce yana ciki ne?"

"Rufe mini baki, Nduk. Mutumin yana da jika huɗu."

"To ai ke ma kin kusa samun ɗaya." Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Sati goma sha huɗu jiya. Ban taɓa kaiwa nan ba."

Biyu sun zube mata a baya, duk kafin sati goma. Shi ya sa ranar da ta gaya mini, a ƙarshen Maris, a bayan masallacin cibiya, ta riƙe hannuna ta ce kar kowa ya ji a wurin aiki. Ba ta son a sake zuwa yi mata jaje da fuskokin tausayi. Na yi mata alkawari.

Dokar aikinmu ta ce mai ciki ta faɗa, a janye ta daga ginin injin gaba ɗaya. Na san dokar. Ni nake karanta wa sababbin ma'aikata ita. Na ce a raina ai ɗakin tsintar iri ne, kuma akwai bango.

Na cinye abincin tana kallona.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 3:20 na yamma

Sumbogo ya cika allo da lissafi, sannan ya juyo ga Pak Hardoyo.

"Pak, bajon nan daƙiƙi ne. Ƙirga kawai ya iya. Bai san wanda ya zo da gudu da wanda ya zo da rarrafe ba. In nutiron ɗin sun yi ta bugun bango sun gaji kafin su kai gare ta, abin da ta sha bai kai milisibat ɗaya ba. In kuwa kai tsaye suka bi ramin da ƙarfinsu, zai iya kai goma sha biyu."

Pak Hardoyo ya sauke ajiyar zuciya. "Ma'aikaci ai har ashirin doka ta yarje masa a shekara. Ko sha biyun ne ba mu ƙetare ba. A mayar da kaki, a rubuta ƙaramar lambar, a wuce wurin. Masu bincike na hukuma za su zo ranar ashirin da biyu. Ba na son su tarar da rami."

Milisibat shi ne ma'aunin abin da jiki ya sha. Ashirin na ma'aikaci ne. Na mai ciki ɗaya ne, tun daga farkon ciki har haihuwa. Su biyun ba su da dalilin tunawa da wannan.

Na ce, "Pak, kar a taɓa ramin. A bari in auna gudunsu a kan kujerarta, yadda yake."

"Don me?"

"Don mu sani."

"Bu, me sanin zai ƙara mana?"

Ya ba ni kwana goma.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 12:10 na rana

Maza sun tafi masallaci, ginin ya yi tsit. Ina rubuta wannan ne don hannuna ya sami abin yi.

Nutiron da Tsohuwa ke fitarwa yana cin kilomita dubu hamsin da ɗaya a daƙiƙa guda. Wanda kaki ya gajiyar yana cin kilomita biyu da ɗan ɗori. Bambancin gudu sau dubu ashirin da uku. Amma ƙarfi ba ya bin gudu ƙafa da ƙafa, sai an ninka gudun da kansa. Sau miliyan ɗari biyar da wani abu ke nan. Jikin mutum kuwa ruwa ne, yana tare su kamar yadda kaki ke yi, ƙarfin ya ƙare a cikin nama.

Aunawa ba wuya a kan takarda. A sa injin ta riƙa harbi bugu-bugu, a ajiye na'urar ganowa a kan kujera, a ƙirga lokacin da ke tsakanin bugu da isowa. A raba daƙiƙa gida biliyan, kowane gida nano ɗaya. Haske zai iso a nano goma sha huɗu. Masu gudu a nano tamanin. Masu rarrafe sai can baya, nesa ƙwarai.

Sumbogo yakan gaya wa ɗalibai masu ziyara cewa kafin su ƙifta ido nutiron ɗinmu ya je Makka ya dawo, shi kuwa shekara goma sha tara yana jiran layin hajji. Kullum sai sun yi dariya.

Mita huɗu da santimita goma. Nano tamanin.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

Akwatin da ke sa injin bugu-bugu ya ƙi tashi. Shekara huɗu ba a kunna shi ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan la'asar

Na je gidan ƙanwata Tuginem, uwar Win, don in ban je ba za a tambaya. Ta yi soto, farfesun nan namu. Mijin Win, Parjiyo, yana tsakar gida ya kwance babur ɗinsa ɗaiɗai, ya sa wa kujerar baya sabon soso mai kauri.

"Saboda ramukan hanyar Delanggu, Bude," in ji shi. "Yanzu ashirin nake tafiya da ita. Masu keke suna wuce mu suna gaishe mu."

Tuginem ta ce, "Da can da take sayar da kaya a kasuwa, wuni take a tsaye. Wannan karon a zaune take, a inuwa, kusa da Budenta. Shi ya sa ya zauna. Mbak, yayata, Allah ya saka miki."

Na ce sotonta ya yi gishiri. Bai yi ba. Ta ji haushi, muka yi 'yar cacar baki a kan gishiri, na samu na taho.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 4:55 na yamma

Mun gano abin da ya ƙone a akwatin. Sumbogo ya shiga ɗakin ajiya na baya neman madadinsa a cikin tsofaffin kaya. Ya daɗe. Da ya fito babu komai a hannunsa.

"Bu, na'urarki ta gwaji tana can baya, an yi mata ɗaki da tubalan kaki."

"Eh."

"Kin san tubalan bango suna da lamba? Ni na rubuta da fenti shekarar da aka gina. Talatin da ɗaya zuwa arba'in da biyu."

Na ci gaba da goge wayar da na riga na goge.

Ya jawo kujera ya zauna. Ya cire tabarau. Ban saba ganin fuskarsa babu wasa ba, sai ta zama kamar ta wani. "Shekara ashirin da shida muna cin abinci a tebur ɗaya. Ba ni zan kai magana ba. Amma ranar ashirin da biyu in suka tambaye ni, ba zan ce ban gani ba."

"Na sani, Pak."

"To zo ki riƙe mini tocila. Idona ya zama na kifin da ya kwana a kasuwa."

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na asuba

Na idar da salla ban san raka'a nawa na yi ba. Na sake.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 2:15 na rana

Akwatin ya tashi. Mun kulle ɗakin tsintar iri, mun ɗaure jan ƙyalle a ƙofa, na ɗora na'urar a kan kujerarta. Matashin da take jingina da shi yana nan, mai furen shuɗi. Na ɗauke shi, na rasa inda zan ajiye, na mayar.

Awa biyu muna harbi. Zanen da ya fito a kwamfuta ciyawa ce kawai, babu tudu ko ɗaya, ko na haske. Wata waya tana kwaso hayaniya. Sumbogo ya zagi kakan wanda ya ƙera ta.

Na ji daɗi da bai fito ba. Na rubuta wannan don gaskiya ce.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

Win ta tare ni a bakin rumfa, hannunta duk taɓo.

"Bude, wane irin fenti ne wannan da ba ya wari? Kuma na ga jan ƙyalle a ƙofa."

"Ana gyaran waya tukuna."

"Bajona fa? Kowa an ba shi sabo ban da ni."

"Ba ki buƙatarsa a rumfa."

Ta dube ni yadda uwarta ke duban mai kifi in ya ce na yau ne. Sannan ta yi murmushi ta ce in zo in ga shinkafar da ta fito daga tiren watan jiya, akwai guda uku gajeru masu kauri, irin waɗanda iska ba ta kwantarwa. Na je na gani. Na ce sun yi kyau.

Pak Hardoyo ya ajiye mini rahoto a tebur, an buga shi tsaf. Sifili da ɗigo bakwai. Akwai layin da zan sa hannu.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 11:40 na safe

Mun canza wayar. Mun sake harbi.

Tudun haske ya fito a goma sha huɗu, siriri, daidai inda ya kamata. Sai na san agogon yana da gaskiya, kuma duk abin da zai biyo baya gaskiya ne.

Sumbogo ya ce, "Wataƙila su tsaya shan shayi a hanya." Muryarsa ba ta yi daidai ba.

Ɗigo ɗaya a tamanin. Wani a saba'in da tara. Wani a tamanin. Cikin minti goma ya zama tudu, cikin rabin awa ya kai saman allo, kwamfuta ta rage zanen don ya shiga. Bayansa 'yar jela ce kawai ta waɗanda suka bugi bulo.

Ba su gaji ba. Ba abin da ya taɓa su.

Injin ta yi aiki awa sittin da ɗaya Win tana kan kujerar nan. Mun yi lissafin sau uku, shi daban ni daban. Milisibat tara.

Sumbogo ya ce, "Bai kai ashirin ba, Bu. Yarinyar za ta warware. Me ke damunki haka?"

Na gaya masa Win tana da ciki. Ya tashi ya fita, na ji ya buɗe famfon waje, ya daɗe ruwa yana zuba.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 10:00 na safe

Ni na cire su.

Ranar Alhamis, goma sha uku ga Fabrairu. Ɗalibai za su zo kallon gwaji washegari, na'urata tana buƙatar kariya, sabon kakin da muka nema bai iso ba. A lokacin ɗakin da ke bayan bangon ɗakin ajiye karyayyun kujeru ne, a kulle. Na ce na kwana biyu ne. Na mayar da allon katako don kar wurin ya yi muni a idon baƙi. Ban rubuta ba saboda na kwana biyu ne.

Ranar goma ga Maris aka share ɗakin aka sa Win a ciki. Na taya ta ɗaukar tebur. Ni na ce ta sa kujerar a jikin wannan bangon, don hasken taga ya fi faɗowa a nan.

Na nemi dalilin da ya sa na manta. Ban yi ciwo ba, ba a yi mini rasuwa ba, ba abin da ya ɗauke mini hankali. Na manta ne kawai.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 12:45 na rana

Na mayar wa Pak Hardoyo rahotonsa babu sa hannu, na ɗora nawa a kai. Shafi uku. Na tsaya har ya karanta.

Da ya kai wajen maganar cikin Win, sai ya ajiye takardar. "Innalillahi. Wata nawa?"

"Ya kusa huɗu."

"Kuma kin sani tun Maris."

"Eh, Pak."

"Kuma kika bar ni ina ta maganar ashirin kamar mahaukaci." Ya tashi ya je taga. Ya ce shekara biyu suka rage mini in yi ritaya. Ya ce ana iya rubuta cewa ba a san wanda ya cire ba, shi ba zai matsa ba. Na ga da gaske yake, taimakona yake son yi.

Na ce in ba a san wanda ya cire ba, ba a san ranar ba. In ba a san ranar ba, likita ba zai yarda da lissafin ba.

Ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Ya ce, "Ita fa? Ni zan gaya mata?"

Na ce a'a.

Litinin, bayan magariba

Na same ta a rumfa da ƙarfe uku. Na ce ta wanke hannu ta zauna. Ta ce, "Wa ya rasu?"

Na faɗi komai a jere, yadda na rubuta. Bajo, rami, tamanin, tara. Ban tsallake sunana ba. Tun ina tsakiya ta ɗora hannu biyu a kan cikinta, ba ta ɗauke ba har na gama.

"Tara ɗin nan, mai yawa ne?"

"Ya ninka abin da doka ta yarda sau tara. Amma doka tana tsayawa nesa da inda aka san cuta take farawa. Likita ce za ta faɗa miki, ba ni ba."

"Ranar da na gaya miki a bayan masallaci, kin tuna da ramin?"

"A'a, Nduk. Wallahi ban tuna ba."

"Yaushe kika tuna?"

"Ranar da takarda ta zo."

Ta ƙirga da yatsu. "Biyar ga wata. Yau sha tara." Ta dube ni. "Sati biyu kina cin abincina, Bude. Kina ce mini fenti."

"Ina so in zo miki da lamba, ba da tsoro ba."

"Cikina ne. Tsoron ma nawa ne. Wa ya ce ki riƙe mini?"

Ba ta yi kuka ba. Ta kira Parjiyo a waya ta ce ya zo yanzu. Na ce zan jira tare da ita. Ta ce, "Bu Harmi, ki koma bakin aikinki."

Tun da ta fara magana a duniya ba ta taɓa kirana haka ba.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 7:10 na safe

Tuginem ta zo tun kafin in buɗe taga. Ba ta shigo ba, a tsakar gida ta tsaya, maƙwabta suna ji.

"Ke ce mai ilimin gidanmu, Mbak! Don ke aka sayar da saniya aka tura ki makaranta, ni aka bar ni da tukunya. Na ba ki 'yata na ce tana hannun masu sani!"

Na tsaya na ji duka. Babu abin da ta faɗa da ba haka ba ne.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 5:20 na yamma

Asibiti a birnin Solo. Cibiya ta ba da mota, su suka ƙi, suka tafi a ta maƙwabcinsu. Na bi su a bas da rahoton, na miƙa wa ma'aikaciyar jinya, na zauna a bencin waje kusa da mai sayar da dafaffiyar gyaɗa.

Awa biyu da rabi. Parjiyo ne ya fito shi kaɗai. Ya tsaya nesa kaɗan, ya haɗa hannu a gaba, da ladabin da ake yi wa baƙo.

"Likita ta ce abin da ya kai ga yaron bai kai taran ba, wajen biyar ne. Ta ce inda suke fara ganin lahani wajen ɗari ne. Ta duba a na'ura, kai da hannuwa da zuciya duk daidai. Ta ce ba za ta ce babu komai sam ba, akwai ɗan ƙarin haɗari can gaba, amma kaɗan ne ƙwarai. Za a sake dubawa bayan wata guda."



"Ta kuma ce a gode wa wanda ya yi awon, don ba don shi ba da sai dai ta yi ta zato." Ya gyara tsayuwa. "Na faɗa miki ne don ta ce a faɗa."

"Win fa?"

"Ta ce ki tafi gida, Bude."

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 4:30 na yamma

Masu bincike biyu, mace da namiji, duk na girme su. Sun ɗauki hoton ramin, sun ɗauki hoton tubalan da lambobinsu. Matar ta sa na sake harbi a gabanta, ta tsaya har tudun ya fito a tamanin. Ta tambaye ni sau biyu ko wani ya umarce ni in cire. Na ce babu.

Sun karɓi makullin injin da katin izinina. Wata shida, sannan a duba. Pak Hardoyo ma zai sami takarda saboda an sa mutum a ɗakin ba a auna shi ba.

Na roƙi abu ɗaya, suka yarda. Ni na mayar da tubalan da hannuna, talatin da ɗaya zuwa arba'in da biyu. Sumbogo yana miƙo mini. Da muka gama ya buɗe littafin aiki ya ba ni biro.

"Rubuta, Bu. Da manyan baƙi, yadda makaho irina zai gani."

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe 8:00 na safe

Na yi wanka na sa kayan aiki kafin in tuna.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na yamma

Na aika wa Win saƙo. An karanta. Ba amsa.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan azahar

Sumbogo ya biyo da ayaba daga gonarsa, ya zauna a baranda ya sha shayi kofi biyu. Ya ce Win ta koma aiki, a rumfa za ta zauna har ta haihu. Ta gaya wa kowa da bakinta, matan ofis suna ta kai mata mangwaro har ta fara rabarwa. Ya ce wanda aka kawo a madadina yaro ne mai digiri biyu da ke tsoron Tsohuwa, yana yi mata sallama kafin ya taɓa ta.

Na tambaye shi ko ta ambace ni. Ya ce ayabar nan sai an bar ta kwana biyu.

Na sake yin lissafin bayan ya tafi. Tara ne har yanzu.

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Ba komai.

Alhamis, 5 ga Yuni, ƙarfe 5:50 na safe

Waya ta yi ƙara ina share tsakar gida. Da na ga sunan sai na zauna a ƙasa, tsintsiya a hannuna, don kira da sassafe irin wannan na san abin da yakan zama. Sau biyu a baya ni ta fara kira.

"Nduk? Jini ne? Ina Parjiyo?"

"Ba jini ba ne." Numfashinta kawai nake ji. "Ya motsa. Ina ruku'u na ji. Na ɗauka yunwa ce, sai ya sake."

Na ajiye tsintsiyar.

"Kina ji na?"

"Ina ji."

"Ban huce ba, Bude. Kar ki ɗauka na huce. Ko Ibu da ta haife ni ban kira ba tukuna, ban san me ya sa ke na kira ba." Ta ja hanci. "Ga shi nan kuma. Tsaya. Kar ki yi magana."

Ban yi magana ba. Mun yi minti huɗu a haka, sannan ta kashe.